Taswirar Cikin Kwali: Abin da Wasannin Bidiyo Suka Rasa da Suka Rabu da Takarda

A watan Disambar 1990 kamfanin Nintendo ya fitar da wani wasan bidiyo a Amurka mai suna StarTropics. Labarin wani yaro ne, Mike Jones, da ya tafi hutu wurin baffansa, masanin kayan tarihi, a wasu tsibirai, ya tarar an sace baffan. A cikin kwalin wasan, ban da kaset da littafin bayani, akwai wasiƙa ta takarda da aka tsara kamar baffan ne ya rubuto wa yaron. Mai wasa zai karanta ta sau ɗaya ya ajiye gefe. Sai tafiya ta yi nisa, an kai babi na huɗu, wasa ya tsaya cik: na'urar jirgin ƙarƙashin teku tana neman wata lamba, ga shi babu inda aka rubuta lambar a cikin wasan. Abin da kawai ake gaya maka shi ne ka tsoma wasiƙar baffa a ruwa. Yara da dama sun yi ta laluben wasiƙar cikin kayan da Mike ke ɗauke da su a allon talabijin, kafin su farga cewa takardar da ke cikin kwali ake nufi. In aka jiƙa ta, wani ɓoyayyen rubutu yakan bayyana, ɗauke da lamba 747.

Wanda ya ɗauko kaset ɗin a shagon haya, ko ya saye shi na hannu babu wasiƙa, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Tambayoyi suka yi yawa har mujallar Nintendo Power ta buga lambar kowa ya huta. A 2019 da aka sake sakin wasan ta intanet ga masu na'urar Switch, ba a haɗo da wasiƙar ba, sababbin 'yan wasa suka sake cin karo da wannan bango, sai da suka koma tambayar na gaba da su.

Mutane da yawa, har cikin masu harkar, suna ɗaukar taswira da littattafai da sauran tarkacen da a da ake sakawa cikin kwalin wasa a matsayin gyara, abin da mai kaya ke ƙara maka don ka dawo gobe. Ni ban yarda da wannan ba. A wasanni masu yawa takardun nan aiki suke yi, aikin da in babu su wasan ba ya cika. Da aka cire su kuwa, ba kwali kaɗai ya rage nauyi ba, yadda ake ƙirƙirar wasannin da yadda ake buga su ma ya sauya.

Daga leda zuwa ƙyalle

A ƙarshen shekarun 1970 yawancin wasannin kwamfuta ba su da kwali. Faifai ne da 'yar takardar bayani a cikin leda mai zif, a rataye jikin bangon shago. Haka wani matashi ɗan jihar Texas, Richard Garriott, ɗan wani ɗan sama jannati, ya fara sayar da wasansa Akalabeth a shagon kwamfutar da yake aiki kusa da birnin Houston. Wasan ya karɓu, na bayansa mai suna Ultima ya fi shi karɓuwa. Da ya zo fitar da Ultima II sai ya gindaya wa kamfanoni sharaɗi: wasan zai fito ne cikin kwali, da taswira da aka buga a kan ƙyalle, ba takarda ba. Ya samo dabarar ne daga fim ɗin Time Bandits na 1981, wanda labarinsa duka ya rataya a kan wata taswira mai nuna ƙofofin ratsa zamani. Kamfanoni suka ga ɓarnar kuɗi ce, suka ja baya. Sierra On-Line ne ya amince, wasan ya fito a 1982 da taswirarsa.

A Ultima IV na 1985, wanda kamfanin Garriott ɗin kansa, Origin Systems, ya fitar, abin ya kai maƙura. Mai saye zai buɗe kwali ya tarar da taswirar ƙasar Britannia a kan ƙyalle, da littattafai biyu, ɗaya na tarihin ƙasar ɗaya na haɗa sihiri, da wata 'yar alama ta ƙarfe irin ta tsohuwar Masar. In ya kunna wasan, labarin zai fara ne da mutum yana hutawa a gindin bishiya, sai ya tsinci wannan alamar ƙarfe, da littattafai biyu naɗe cikin ƙyalle mai zanen taswira. Wato kayan da jarumin ya tsinta a labari, su ne a kan cinyar mai wasa. Har wasan yakan dakata ya matsa masa lallai ya je ya karanta littafin tarihin kafin a ci gaba. Sunayen garuruwan da ke taswirar kuma da haruffan tsoffin mutanen arewacin Turai aka rubuta su, sai ka zauna ka koyi haruffan kafin ka san ina ne ina. Wahala ce, amma wahala ce mai sa mutum ya ji ƙasar ta zama tasa.

A wancan lokacin kuma, a birnin Cambridge na jihar Massachusetts, wasu tsoffin ɗaliban jami'ar MIT sun kafa kamfanin Infocom a 1979, suna yin wasannin da babu hoto ko ɗaya a cikinsu, rubutu ne zalla: kwamfuta ta bayyana maka inda kake, kai kuma ka rubuta abin da za ka yi. Da Marc Blank na kamfanin yake rubuta wasan bincike mai suna Deadline, wanda ya fito a 1982, sai ya ga faifan zamanin, mai ɗaukar kimanin kilobait 80, ba zai ɗauke duk bayanan da mai bincike ke bukata ba. Ya tuna da littattafan Dennis Wheatley na shekarun 1930, waɗanda ake sayarwa a siffar fayil ɗin 'yan sanda da shaidu a manne a ciki. Sai aka fitar da Deadline a haka. Attajiri ne aka tsinci gawarsa a ɗakin karatunsa a kulle, ana zaton ya kashe kansa, kai kuma an ba ka awa 12 ka gano gaskiya. A cikin fayil ɗin akwai rahoton likitan da ya binciki gawa, sakamakon gwajin kofin shayi, bayanan da aka ɗauka daga bakin mutanen gidan, wasiƙar lauya, hoton inda aka zana siffar gawar da alli, da ƙwayoyin magani uku a 'yar leda.

Ka ga ke nan ƙarancin wuri ne ya haifi dabarar, ba son ƙawa ba. Amma ta yi kyau har ta zama tambarin kamfanin. Wishbringer na 1985 ya zo da dutse mai haske cikin duhu. A Ingila ma, wasan sararin samaniya Elite na 1984, na David Braben da Ian Bell, ya zo da ɗan littafin ƙagaggen labari da marubuci Robert Holdstock ya rubuta musamman dominsa. Abin da ke kan allo layuka ne farare a kan baƙi, littafin ne ya cika su da mutane da tsoro da buri.

Abin da taswira ke yi wa mai ita

Duk cikin kayan nan, taswira ce ta fi tsaya mini a rai, don ita ce rashinta ya fi taɓa wasan kansa.

Ɗauki The Legend of Zelda, wanda ya fito a Japan a 1986, ya isa Amurka a 1987. Ƙasar da ake yawo a cikinta ta kasu gida 128, kowane gida cikin allo guda, kuma babu mai ce maka bi nan. A kwalin Amurka an saka taswira a manne, da shawarar kada ka buɗe sai ka rasa yadda za ka yi. Ko ka buɗe ma ba za ka same ta a kammale ba, an zana wani ɓangare an bar saura fari, kai za ka cike da fensir. Shigeru Miyamoto, wanda ya jagoranci aikin, ya sha bayyana cewa yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da kogunan ƙauyensu kusa da Kyoto ne ya so ya maido wa yara, kuma ya so su riƙa tambayar juna abin da kowa ya gano. Taswirar da ba a gama ba ta yi wannan aikin daidai. Ta ba ka abin da zai hana ka fid da rai, ta bar maka abin da za ka yi alfahari da shi gobe a makaranta.

Morrowind na 2002 ya zo da babbar taswirar tsibirin Vvardenfell. A wasan nan in wani ya aike ka, kwatance zai yi maka da baki: fita ta ƙofar kaza, bi gaɓar kogi, in ka wuce gada ka karkata. Sai ka shimfiɗa takarda a gefe, ka ɗora yatsa a garin Balmora, ka bi kogin da ido, ka auna nisan tafiya, ka ga dutsen mai aman wuta da ya tsaya a tsakiyar tsibirin ka yanke shawarar zagaye shi. Za ka ɓata, babu makawa. Amma bayan mako biyu ka san ƙasar, ko an ɗauke takardar za ka kai kanka gida. A Oblivion, wanda ya biyo baya a 2006, an kawo kibiya a ƙasan allo mai nuna maka inda za ka, da damar latsa wuri a taswirar allo ka tsinci kanka can nan take. Daga nan kusan kowane babban wasa ya bi wannan hanya. Ga 'yar taswira a kusurwar allo, ga layi mai launi a kan titi, ga ɗigo a kan mutumin da za ka yi wa magana. Masu zane sun ɓata shekaru suna gina duwatsu da kasuwanni da gaɓar teku, mai wasa kuwa idonsa na kan kusurwar allo, ya zama raƙumi da akala.

Akwai binciken masana da ke ƙarfafa wannan zargi, ko da yake a kan tituna na gaske aka yi shi. A 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta a Landan sun auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda ba a ba su lasisi sai sun haddace dubban tituna. Sun gano cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai riƙe sanin wurare ya fi girma a wurinsu, kuma girman yana ƙaruwa da yawan shekarun tuƙi. A 2020 wasu masu bincike biyu a jami'ar McGill ta Kanada, Louisa Dahmani da Véronique Bohbot, sun nuna cewa direbobin da suka fi dogara da na'urar nuna hanya sun fi rauni wajen tuna wuri in aka bar su su kai kansu. A ganina abin da ke faruwa a mota shi ne ke faruwa a gaban allo. Taswirar takarda ba ta san inda kake ba. Kai ne za ka ɗaga kai ka dubi tsauni, ka dubi rana, ka dawo kan takarda ka ce ga ni nan. Wannan ɗan aikin shi ne sanin wuri, kuma shi ne kibiya ta ɗauke mana.

Maganin ɓarawo

Kada a ce na mayar da kamfanoni waliyyai. Rabin dalilin saka kayan nan maganin satar fasaha ne. Kwafar faifai abu ne na minti biyu, amma kwafar ƙyalle da dutse mai haske ba a yi a ɗaki. Wasu dabarun sun yi armashi. The Secret of Monkey Island na 1990 ya zo da faifan kwali mai hawa biyu: wasa zai nuna maka fuskar wani ɗan fashin teku ya tambaye ka shekarar da aka rataye shi a wani tsibiri, kai kuma ka juya kwalin har saman fuska ya dace da ƙasanta, shekarar ta leƙo ta 'yar taga. Bincike ne ake yi maka, amma kana dariya. A Metal Gear Solid na 1998 ana gaya maka cewa mitar rediyon da za ka kira wata soja mai suna Meryl tana bayan kwalin faifai, in ka juya kwalin na gaske sai ka ga 140.15 a wani ɗan hoto. Wasu dabarun kuwa azaba ce tsagwaronta. Akwai wani gilashin roba mai suna Lenslok da ake karawa a jikin talabijin don karanta haruffa biyu da aka karkatar. In talabijin ɗinka ya yi girma ko ya yi ƙanƙanta da yawa, ba za ka ga komai ba, ga shi da kuɗinka ka sayi wasan.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Yawancin waɗanda suka taso a gidajen gem na garuruwanmu a zamanin PlayStation 2 ba su taɓa riƙe kwalin asali ba. Faifai ne kwafe a leda, da hoton bango da aka buga a inji. Yaran da suka kwana suka wuni a kan GTA San Andreas na 2004, ba kowannensu ya san cewa na asali yana zuwa da babbar taswira mai nuna Los Santos da San Fierro da Las Venturas da duk hanyoyin da suka haɗa su ba, balle littafin da aka tsara kamar jagorar baƙi masu yawon buɗe ido. Me ya faru? Sai yaran suka ƙirƙiro tasu takardar. Lambobin sirri na samun mota da makami da ƙarin rai aka riƙa kwafa da biro a bayan littafin makaranta, daga hannu zuwa hannu, takarda ta yi laushi saboda naɗewa, mai ita kuwa ya zama oga a gidan gem. Babu wanda ya koya musu. Wasa mai faɗi ne ya nemi takarda a gefensa, suka samar masa.

Yadda kwali ya zama fanko

Mutuwar ta zo a hankali. A farkon shekarun 2000 manyan kantuna suka matsa a rage girman kwalayen wasan kwamfuta don kanta ta ɗauki da yawa. A 2003 kamfanin Valve ya buɗe Steam, kasuwar da ake sauke wasa ta intanet ba faifai ba kwali. A watan Afrilun 2010 Ubisoft ya sanar da daina buga littafin bayani, ya ce don kare bishiyoyi ne, EA ya bi sahu a 2011. Kare bishiya abu ne mai kyau, amma farashin wasa bai ragu da ko sisi ba, wannan kuwa ya isa ya nuna wa mai hankali inda ribar ta tafi. Yau in ka buɗe kwalin sabon wasa, sau da yawa za ka ga 'yan maƙalan roba biyu da aka yi don riƙe littafi, ba su riƙe da komai sai takardar talla. A 2020 ma aka fitar da PlayStation 5 da Xbox nau'in da ba su da ramin saka faifai ko kaɗan.

Akwai waɗanda suka cije. Rockstar ya ci gaba da saka taswira a GTA V na 2013 da Red Dead Redemption 2 na 2018. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya saka taswira, faifan kiɗa, ɗan littafin bayanin duniyar wasan da takardar godiya a kowane kwalin The Witcher 3 na 2015, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Yadda 'yan wasa suka yi ta yabon wannan abu, wanda shekaru 15 kafin nan kowa ke yi, ya nuna irin ƙishirwar da ake ciki.

Sauran kamfanoni suka gano cewa ƙishirwar ma haja ce. Abin da a da yake cikin kwalin kowa, yanzu an ware shi zuwa bugu na musamman mai ninkin farashi, an cika shi da mutum-mutumi da hula da maɓallin riga, kayan da ba su da aikin yi a wasan. A 2018 an sayar da bugu na musamman na Fallout 76 a kan dala 200 da alkawarin jakar tamfol. Da kaya suka iso sai aka ga jakar nailan. Kamfanin Bethesda mai wasan ya fara ba da haƙuri da kuɗin cikin wasa da bai wuce dala 5 ba, sai da surutu ya yi yawa ya aika da jakar da ya yi alkawari. Can a kasuwar gwanjo kuma, a watan Yulin 2021 an sayar da kwalin Zelda na farko da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala 870,000, bayan kwana biyu aka sayar da Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. Taswirar da ke cikin kwalin Zelda ɗin nan tana nan a manne, ba za a taɓa ɗora mata fensir ba, don ranar da aka yage ledar kuɗin ya zube. Wannan farashin leda ne. Taswirar da ta yi amfani ita ce wadda ta yage a wurin naɗi, wani yaro ya cike gurabenta da rubutunsa.

Cewa har yanzu dabarar na da rai, wani ɗan Kanada mai suna Andrew Shouldice ya tabbatar da wasansa Tunic na 2022. Wani ɗan dila ne ke yawo a tsibiri, ba a gaya maka komai ba, sai dai kana tsintar shafukan littafin bayani ɗaya bayan ɗaya a cikin wasan, an zana su kamar na shekarun 1980, da taswira, da tabon abin sha, da rubutun biro a gefe kamar wani ya riga ka amfani da shi. Yawancin rubutun da wasu ƙirƙirarrun haruffa ne, sai ka yi ta nazarin hoto kana haɗa ma'ana. Babban sirrin wasan a cikin shafukan yake, kuma masu warware shi da dama sai da suka ɗauko takarda da biro. Daga baya aka buga littafin a takarda ta gaske, mutane suka saya.

Abin da ya fi damuna shi ne adana tarihi. A 2023 cibiyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba sa kasuwa a lokacin. Manhaja aƙalla ana iya kwafarta sau dubu ba ta canja ba. Takarda kuwa gara na ci, ruwa na ɓatawa, in an tashi ƙaura ita ake fara zubarwa. Wanda ya adana Deadline ba tare da fayil ɗinsa ba, ya adana tambaya ne ya yar da shaidun. Shi ya sa wurare irin su gidan tarihin wasanni na The Strong a birnin Rochester da rumbun Internet Archive suke tattara kwalaye da littattafai da taswirori, ba faifai kaɗai ba.

Kwalayen asali suna shigowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, wani lokaci da takardunsu a ciki, mai shago bai ma kula ba. In ka ci karo da irinsu, buɗe ka duba kafin ka biya. In ka samu taswira ko littafi, kada ka bari a naɗe gyaɗa da shi. Saka shi a leda, ɗauki hotonsa shafi-shafi, ranar da za ka kunna wasan kuma ka kashe 'yar taswirar kusurwar allo in wasan ya ba da dama, ka shimfiɗa ta takardar a gabanka ka nemi hanya da kanka.